TADMUR, BIRNIN FATAKE DA YA BAR SUNANSHI BISA DUTSE



Wannan karon labarin wani birni mai nisa na kawo muku. Bari in fara da dalili.

Da hutun damana na bara na ɗauki kaye da bik na tafi wurin Baba Malam, wan mahaifina. Ya wuce shekara 80. A zuri'armu shi ɗai ya rage mai iya jera kakanninmu har bakwai, ya faɗi inda kowane ya zauna kafin mu sauka nan bakin gulbi, da yadda anka raba gonakin fadama. Na gaishe shi, na ce: "Baba, so nike in rubuta abin da ke kanka, don yara." Ya dube ni, ya dubi kayen, ya ce: "Mushe, rufe takardarka. Sunan kakannina ba shi shiga baƙin nasara. In rubutu ne, ga na Alƙur'ani nan. Naku da namu ba su haɗa hanya ba."

Na koma gida raina ba daɗi. Sai na tuna da Tadmur, wanda na fara jin sunanshi a rediyo cikin 2015, na kuma karanta tarihinshi daga baya. Na sake bin littattafan, na koma wurin Baba. Abin da na gaya mishi shi ne zan gaya muku.

INA NE TADMUR?

Tadmur yana ƙasar Sham, wadda ake ce ma Siriya, tsakiyar hamada, tsakanin Dimashƙa da kogin Furatu. Daga Dimashƙa wajen kilomita 215 ne, kusan tafiyar Maraɗi zuwa Damagaram. Idon ruwa mai suna Efka ya sa mutane sunka zauna wurin, sunka dasa dabino da zaitun. Sunan garin ya fito cikin rubutun fatake bisa allunan yumɓu tun wajen shekara 3,800 da sunka wuce. Rumawa sunka kira shi Palmira, amma mutanenshi ba su bar kiran shi Tadmur ba, kuma har yau haka Larabawa ke kiran shi.

Arzikinshi ya tashi cikin shekaru 270 na farko bayan haihuwar Annabi Isa (AS). A lokacin manyan dauloli biyu ke kallon juna: Rum daga yamma, Farisa daga gabas. Tadmur yana ƙarƙashin Rum, amma fatakenshi na shiga ƙasar Farisa su fito lafiya. Sukan gangara har bakin teku ta kudancin Iraki, wasunsu ma su shiga jirgin ruwa zuwa Indiya. Su ɗauko alharini na ƙasar Sin, da masoro, da turare, da lu'ulu'u, su hau Furatu, su yanka hamada bisa raƙuma zuwa gida, daga nan a kai kayan bakin Bahar Rum. Wanda ya ga ayarin Buzaye na sauka da gishirin Bilma da dabino, ko ya ji labarin fataken goro na Gwanja, ya san irin wannan sana'a.

Arna ne, ba a ɓoye wannan. Sun yi zamaninsu sun ƙare shekara 300 kafin haihuwar Manzon Allah (SAW). Suna bauta ma Bel da Ba'alshamin da Lata. Babban ɗakin bautar Bel an buɗe shi a shekara ta 32 Miladiyya.

MADUGAI DA DOKAR KASUWA

Babbar hanyar birnin ta fi kilomita guda, ginshiƙan dutse dama da hagu. A jikin ginshiƙan akwai wurin ɗora mutum-mutumin wanda gari ya girmama, ƙarƙashi kuma a sassaƙa sunanshi da na ubanshi da na kakanshi, da abin da ya yi, da wata da shekara. Da yawa daga cikinsu madugai ne da masu tsaron ayari. A shekara ta 132 fatake sun tsaida ma wani mai suna So'adu mutum-mutumi 4, don ya ceci ayarinsu daga babban haɗari kan hanyar dawowa. Wani kuma mai suna Yarhai, tsakanin 155 da 159, ayari bayan ayari sun rubuta godiyarsu gare shi. Yau shekara kusan 1,900 ke nan, ana kiran sunayensu daidai.

Rubutun da ya fi tsawo shi ne dokar kasuwa ta shekara ta 137. Dutse ne mai faɗin kusan mita 5. Farkonshi ya bayyana dalilin yin shi: a da kaya da yawa ba a rubuta harajinsu ba, ana karɓa bisa al'ada, sai rigima ta yi ta tashi tsakanin fatake da masu karɓar haraji. Majalisar gari ta zauna ta ce a rubuta kome da kome bisa dutse, a kafa shi inda kowa za shi gani. Kayan raƙumi na busasshen kaya, in za shi shiga gari, dinari 3. Turare cikin kwalaben dutse, kayan raƙumi guda, dinari 25. In cikin salkar akuya ne, 13. Amalanke guda a lissafa shi kayan raƙumi 4. Dinarin nan kuɗin azurfa ne na Rumawa, daga sunanshi kalmar dinari ta fito. An tono dutsen wajen 1881, a 1901 anka kai shi Rasha, yana birnin San Fitasbag.

Duk wanda ya taɓa tsayuwa da kaya bisa iyaka ana ja-in-ja kan abin da za shi biya, ko ya zauna shari'ar gonar da shaidunta sunka mutu, ya gane abin da majalisar Tadmur ta hango.

HARSHENSU DA BAƘINSU

Harshen mulki da na masu ilmi a gabashin daular Rum Girkanci ne, kamar yadda Faransanci ya zamo gare mu. Yawancin sauran biranen Sham da Girkanci kaɗai sunka riƙa rubuta al'amuran hukuma. Mutanen Tadmur sun koyi Girkanci sarai, amma in za su sassaƙa doka ko yabo, sai su sa Girkanci a gefe guda, harshensu na gida a ɗaya gefen. Dokar kasuwar nan ma haka take. Bisa kabarurruka kuwa, yawanci harshen gida ne shi ɗai.

Harshen nan shi ne Aramanci. Ɗan'uwan Larabci ne da Ibrananci. Shi ne harshen wasiƙun daular Farisa ta dā tun daga Masar har kusa da Indiya, shi ne kuma Annabi Isa (AS) ya yi magana da shi. Wani reshenshi ake ce ma Suryaniyanci, kuma malamai sun san hadisin da Manzon Allah (SAW) ya umurci Zaidu ɗan Sabitu shi koyi rubutunshi don karanta wasiƙu. Har yau ana jin Aramanci a bakin mutanen ƙauyen Ma'alula kusa da Dimashƙa, da wasu al'ummomi na Iraki da Turkiyya.

Da za a tada bafataken Tadmur a kai shi kasuwar Maraɗi ranar Litinin, ba duka za shi ɓace ba. Ashirin gare shi isrin ne, talatin tilatin, arba'in arb'in, hamsin hamshin. Mu daga Larabci munka aro su, Larabci da Aramanci kuwa tushensu guda. Sarki malka ne, gida baita, sallama shalam. Ɗa kuma bar. Inda muke cewa Ɗan Kasawa, Ɗan Mari, Ɗan Baskore, su bar wane suke cewa.

Baƙinsu 22 ne, daga dama zuwa hagu, ba wasali. Mafi tsufan rubutunsu mai ɗauke da shekara na 44 ne kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Ga abin da na kai ma Baba. Wajen shekara 1,000 kafin Annabi Isa (AS), Finikiyawa, fataken teku na bakin ruwan Lubnan, suna da baƙi 22. Baƙin nan ya rabu hanya biyu. Ta yamma, Girkawa sunka ɗauka, ya bi ta Italiya ya kai ga Rumawa, daga Rumawa ya kai Faransa da Ingila: shi ne bokon da nike koya ma yara. Ta gabas, Aramawa sunka ɗauka, ya haifi ɗiya da yawa. Baƙin Tadmur ɗaya ne cikinsu. Wani ɗan shi ne baƙin Nabatawa, masu birnin Petra a Jodan da kabarurrukan dutse na Hijir arewa da Madina. Daga hannun Nabatawa baƙin Larabci ya fito. Akwai dutsen kabarin wani sarki Imru'ul Ƙaisi, na shekara ta 328, da anka samu a Namara kudancin Sham: maganar Larabci ce, baƙin kuwa na Nabatawa. Larabawa sunka ƙara baƙi 6 bisa 22 ɗin, da ɗigo, ya zamo 28. Shi ne ya ƙetaro Sahara ya iso allunan Tibiri da Jiratawa, da fa mai ɗigo ƙasa da ƙaf mai ɗigo guda sama irin na Magrib. Baƙin Tadmur, ke nan, ƙanen uba ne ga ajami.

Shaidar tana hannun kowane malami mai hisabi. Abajada: alif, ba, jim, dal. Aramawa na cewa alaf, bet, gamal, dalat. Mu a lakwal A, B, C, D. Kalamana: kaf, lam, mim, nun. A lakwal K, L, M, N, a jere. Ƙarasata: a lakwal Q, R, S, T. Jerin nan ya kai shekara 3,000 bai watse ba.

ƳAN CI-RANINSU

Wannan ɓangaren naku ne, ku da ke nesa. Mutanen Tadmur sun watsu duniya, wasu fatauci, wasu aikin soja cikin rundunar Rum, don gwanayen baka ne. An samu rubutunsu a birnin Rum, da Masar, da Romaniya, da El Kantara kusa da Biskira a Aljeriya, inda maharbansu ke tsaron bakin Sahara. A tsibirin Sokotara, cikin tekun da ke kudu da Yaman, an samu allon itace cikin kogo wanda wani Abgar ya rubuta a shekara ta 258.

Wanda ya fi taɓa ni yana arewacin Ingila, garin da ake kira Sawus Shilds, fiye da kilomita 3,500 daga Tadmur. A 1878 anka tono dutsen kabarin wata mace mai suna Rejina, ƴar ƙasar. Baiwa ce, wani mutumin Tadmur mai suna Barate ya ƴanta ta, ya aure ta, ta rasu tana da shekara 30. An sassaƙa ta zaune, da kayan kaɗi bisa cinya da kwandon ulu gefenta. Mijin ya sa anka rubuta sunanta da ƙabilarta da shekarunta da Latinanci, harshen hukuma, don masu wucewa. Ƙarƙashin wannan akwai layi guda da baƙin Tadmur: sunanta, da nashi, da kalmar habal, wadda ke nufin kaico. A ƙasar sanyin nan masu iya karanta layin ba su da yawa. Duk da haka kukan bai fito mishi da harshen Rumawa ba.

SARAUNIYA DA FAƊUWAR BIRNI

A shekara ta 260 Sarkin Farisa Shafur ya kama Sarkin Rum Baleriyan da hannu. Gabas duka ta rikice. Sai shugaban Tadmur, Uzainatu, ya tara mayaƙanshi ya kori Farisawa, ya bi su har ƙofar babban birninsu. Wajen 267 anka kashe shi tare da babban ɗanshi. Matarshi ta riƙe mulki da sunan ƙaramin ɗansu Wahaballata. Girkawa na kiran ta Zenobiya, Larabawa Zabba'u, amma bisa duwatsun garinsu sunanta Bat-Zabbai. Mu da munka san Inna a Tibiri da Iya a Maraɗi, mace mai iko ba baƙon abu ba ce gare mu.

A 270 rundunarta ta ci Masar, daga baya ta kai har Ankara. Sarkin Rum Oreliyan ya taso mata a 272, ya ci ta kusa da Antakiya, ya sake cin ta a Himsa, ya kewaye Tadmur. Ta fita bisa raƙumi za ta ƙetare Furatu, anka kama ta bakin ruwa, anka tafi da ita Rum. A 273 gari ya yi tawaye, Oreliyan ya komo ya washe shi. Ayari ya sake hanya. Ba a cika shekara 10 ba anka daina sassaƙa baƙin Tadmur. Mutane ba su ƙare ba, gari ya koma ƙaramin sansanin soja, a 634 Khalidu ɗan Walidu ya shigo da shi cikin ƙasar Musulmi, harshen ya koma Larabci. Jikokin sunka zauna cikin kufai, suna duban rubutun kakanninsu ba su iya karantawa.

YADDA ANKA SAKE KARANTA SHI

Haka anka zauna fiye da shekara 1,400. A 1691 wasu fataken Ingila mazauna Halab sunka je sunka kwafi rubutun, ba wanda ya gane shi. A 1751 Wud da Dokins sunka kwafe shi da kyau, sunka buga a 1753. A 1754 wani malamin Faransa mai suna Bartelemi ya buɗe shi cikin ƴan kwanaki, wani Bature Suwinton ma ya kai ga haka a Ingila cikin shekarar.

Dubarar mai sauƙi ce. Girkanci ba a manta shi ba. Suna kuwa ba shi sakewa daga harshe zuwa harshe. Sai a nemi sunan mutum a gefen Girkanci, a nemi inda ya kamata shi faɗo a ɗaya gefen, a gwada baƙi da baƙi. Da baƙin ya fito, sai ga magana mai kama da Suryaniyanci da Ibrananci, waɗanda malaman sunka sani. Shi ne mataccen rubutu na farko da anka tada a duniya, shekara 68 kafin Shamfoliyon shi buɗe na Fir'aunonin Masar a 1822. Da mutanen Tadmur sun yi Girkanci kaɗai, da ba mu ji muryarsu ba. Da sun yi nasu kaɗai, da an sha wuya kafin a gane. Gefe biyun ne ya cece su. Yau an san rubutunsu fiye da 3,000.

Wahalar garin ba ta ƙare nan ba. Daga 1929 zuwa 1932 Faransawa, masu mulkin Sham a lokacin, sun tashi mutanen da ke zaune cikin harabar Bel sunka maida su sabon gari. A 2015 mayaƙan Da'ish sunka kama Tadmur, sunka kashe Khalid al-As'ad, dattijon da ya wuce 80 wanda ya yi shekara 40 yana kula da kufan, sunka fasa ɗakunan Bel da Ba'alshamin da nakiya. Duwatsu da yawa sun zamo gari. Amma abin da ke jikinsu an riga an kwafe shi cikin littattafai, nakiya ba ta kai can ba.

MU FA?

Ba cewa nike Gobirawa ko Katsinawa daga Tadmur sunka fito ba. Dattawa na cewa Gobirawa daga gabas sunka taso, sunka zauna Azbin, sunka gangaro Birnin Lalle. Wannan maganarsu ce, babu abin da ya haɗa ta da Tadmur. Abin da ya haɗa mu da su shi ne mu ma birni ya sha faɗuwa bisa kanmu.

Katsina ta fita hannun sarakunanta a 1807. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Yunfa ya mutu ciki. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi. A 1836 anka yi Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda sunka kwanta, bayan haka Mayaƙi ya kafa Tibiri. Ɗan Baskore ya yi mulki fiye da shekara 20 yana kai yaƙi kudu. A 1945 gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi, anka hau tudu. Duk tashin nan an bar wani abu baya: ganuwa, kushewa, sunan unguwa, iyakar gona.

Wa ya riƙe mana labarin? Maroƙa da makaɗan fada da tsofaffi, Allah shi saka musu. Ban rena baki ba, don shi ya kawo mu yau. Amma baki tare da mai shi yake kwanciya. Malamanmu suna da alƙalami tun ƙarnuka, sun rubuta fiƙihu da wa'azi da wasiƙun sarakuna. Labarin ƙauye da na talaka bai cika shiga ba. Wanda ya zauna ya rubuta jerin sarakunan Gobir da na Maraɗi daga bakin dattawa, har ya bazu duniya, shi ne Landeruwan, tafintan ayarin Tilho da ya zo shata iyaka wajen 1907, anka buga a Paris a 1911. Daga baya Filip Dabid ya rubuta tarihin tsohon Maraɗi a 1964, Bubu Hama ya rubuta na Gobir da Sakkwato a 1967. Aiki ne mai amfani, na karanta, na ƙaru. Amma kakanninmu da Hausa sunka faɗa, anka juya shi Faransanci, Hausar ta bi iska. Dutsenmu gefe guda gare shi. Shi ya sa Jiratawa ta koma Djirataoua, Tasawa ta koma Tessaoua, har yaron da anka haifa can shi kasa rubuta sunan garinsu yadda uwarshi ke faɗar shi.

Ni kaina ina cikin masu laifi. Ina aji uku anka rataya mini sambol, wani ƙashi mai igiya, don na ce ma abokina "ba ni alli" da Hausa. Na kwana da shi, da safe na sha bulala. Na girma na iya rubuta ma sufeto takarda da Faransanci ba kuskure, amma wasiƙar farko da na yi ma mahaifiyata da Hausa sai da na yage ta sau biyu. Alhali hanya a buɗe take: tun 1966 anka daidaita baƙin Hausa a taron Bamako, a 1973 anka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, a watan Maris na 2025 kuma kundin ƙasa ya sanya Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Doka ta ba da izni. Rubutun kuwa sai mun zauna mun yi.

ABIN DA BABA YA CE

Na gama, Baba ya yi shiru. Can ya ce: "Sake faɗin na lakwal ɗin nan." Na ce K, L, M, N. Ya lissafa bisa yatsu, ya ce: "Kalamana ce, ba shakka." Ya ƙara yin shiru. Sa'an nan ya ce: "Ban yarda ka rubuta kai ɗai ba, ɗana. Ni in rubuta da nawa, kai ka bi da naka. In ka karkace in gani."

Haka muke yi duk Alhamis da la'asar. Shafin dama nashi ne, ajami da tawada. Na hagu nawa ne, Hausa da boko. Can ƙasa nakan sa taƙaitawa da Faransanci don jikokin da anka haifa Abijan. Mun cika shafi 26. Ranar da munka kai ga tsohuwar rijiya, ya ɗaga alƙalami ya tsaya. Sunan wanda ya gina ta ya ɓace mishi. Ya ce ƙanwar kakata ce ta san shi. Ta rasu shekara biyu da sunka wuce. Mun bar wurin fari a shafin duka biyu.

Don haka ga roƙona, kuma ba shi cin kuɗi mai yawa.

Na ɗaya, dattawa, ku yi haƙuri da mu in munka zo da kaye. Mai ajami shi rubuta da hannunshi. Wanda bai iya ba shi faɗa, a rubuta, a karanta mishi shi gyara.

Na biyu, ƴan makaranta da malamai, na allo da na lakwal, kowa shi ɗauki gida guda cikin hutu. A rubuta sunayen kakanni maza da mata, inda anka fito, rijiyoyi da wanda ya gina su, gonaki da iyakokinsu da shaidu, madugai da fataken gidan da inda sunka kai, shekarun yunwa da na ruwa da sunan da anka ba su. A rubuta maganar yadda tsoho ya faɗe ta, kar a gyara mishi Hausa. A sa sunan mai faɗa da ranar da ya faɗa.

Na uku, ku na nesa, ku rubuto inda kuke, da shekarar da kunka tafi, da sunayen ɗiyanku, da namu da anka rufe can da inda kabarinsu yake. Mai zuwa gida da Salla shi riƙo kaye ko biyu.

Na huɗu, duk abin da anka rubuta a yi shi kwafi uku: ɗaya gidan mai shi, ɗaya wurin liman, ɗaya wurin wani ɗanmu a Maraɗi. Gara da ruwa da wuta ba su cin wuri uku rana guda.

In akwai wanda ya taɓa jin sunan mai tsohuwar rijiya, daga bakin kowa, don Allah shi aiko mini ko shi gaya ma Baba Malam. Wurin na nan muna jira.

Allah shi jiƙan magabatanmu, shi ƙara ma dattawanmu lafiya, shi maido matafiya gida da alheri. Haza wassalam.